Waɗanda suka koma saƙar kwarashi saboda yara

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na koyi saƙar kwarashi a wurin kakata tun ina 'yar shekara 10, amma na ajiye ta da na shiga sakandare. Bana, ganin hunturu ya ƙarato, na sake ɗaukar kwarashin domin in saƙa wa ɗana hula da safa. Ina son jin yadda ta kasance ga waɗanda suka riga ni komawa.

Wata uwa daga Zariya: Wa alaikumus salam. Hannu ba ya mantuwa, domin a daren farko yatsuna suka tuno sarƙar da ake farawa da ita. Abin da ya kayar da ni shi ne awo. Na fara rigar sanyi 'yata tana da wata 2, ina saƙawa bayan sallar isha idan ta yi barci, wani daren layi uku kacal nake yi kafin ta farka neman nono. Ranar da na gama, wuyan rigar ya ƙi wuce kanta, har na zauna ina dariya ni kaɗai. Ɗiyar maƙwabciyata ce ta sa ta ranar suna. Tun daga nan nake ƙara faɗi da gangan, ina kuma barin tsaga a kafaɗa.

Wata daga Maraɗi: Ni kuskurena a zare yake. Na sayi ulun roba saboda arha da hasken launinsa, sai ƙuraje suka feso wa yaron a wuya. Na koma zaren auduga da kwarashi mai milimita 3, kodayake aikin ya fi cin lokaci.

Wata kaka daga Kano: 'Ya'yana, ku sayi zaren da zai ishe ku gaba ɗaya. Na taɓa komawa kasuwa neman cikon shuɗi, na samo wanda ya ɗan fi duhu, kuma har yau ana ganin bambancin a tsakiyar bargon jikana. Kada ku ɗinka duwatsun ado ko ƙananan maɓallai a kayan jariri, saboda komai bakinsa yake kaiwa.

Mai tambaya: Na gode, Hajiya. Yanzu na cire maɓallan da na riga na ɗinka wa safar, zan ɗaure bakinta da igiyar zaren.