Neman kalma: me za a kira "maket" ɗin mota kafin shirin Juma'a?

Mai shirin rediyo, Garwa:
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina cikin matsi: yau Laraba, shirina kuma ranar Juma'a da yamma zai fita. Na yi hira da wani dattijo a nan Garwa ta Kamaru, tsohon toliye, wato mai bugun ƙarfen jikin mota, da ya bar gareji. Ɗansa ya aiko masa daga Faransa da kwalin motar robar nan da ake haɗawa da hannu, mai ƙofa biyu. Shi kuwa bai bi takardar da ke ciki ba. Ya sa ɗan zarto ya yanke rufin, ya ƙara masa tsawo da fallen roba, ya cike gaɓar da mastik, ya goge da samfefa da ruwa, ya zana layin ƙofofin baya da bakin allura, har ta fito Fijo 404 irin wadda mahaifinsa ya tuƙa. Na ɗora ta a tafin hannuna, wallahi har 'yan fikafikan fitilun baya suna nan. Da Fulatanci da Faransanci muka yi hirar, da Hausa zan gabatar. Abu uku nake nema: sunan ita maket ɗin, sunan aikin mayar da ita wata motar, da yadda zan ce tsohuwar mota mai daraja ba tare da an ji kamar ƙaraf ba ce.

Bakanike, Marwa:
Wa alaikumus salam. Ka ce motar kara ta Turawa, kowa zai gane.

Mai shirin rediyo, Garwa:
Yaya, shi nake gudu. Motar kara da ta langa-langa da ido yaro yake ƙera su. Wannan da awo ake yi. A jikin kwalin an rubuta 1/24, wato kowane santimita ɗaya a jikinta santimita 24 ne a babbar mota. 404 ta kusa mita 4 da rabi, ta Baba kuwa ba ta kai santimita 19 ba, kuma da ruwula ya auna kowace ƙofa. Idan na kira ta abin wasa a gaban jikokinsa, na ci mutuncinsa.

Malamin Hausa, Ngaundare:
Ba sai mun yi bara ba, harshen ya riga ya ba mu hanya. Mutum, mutum-mutumi: siffar mutum ce wadda ba mutum ba. To mota, mota-moti. Gajeriya ce, tana zama a baki, jam'inta mota-motoci. Ku sa ta a iska sau uku, za ta kama.

Malamar koyon sana'a, Kuseri:
Malam, ƙirar ta yi, amma kunnena goyon yara yake ji a ciki. Ni a aji ƙaramin samfuri nake cewa in zan nuna wa ɗalibai ginin kwali. Ƙaramin samfurin mota. Awon kuma ma'auni, kada a ce sikeli, mutane za su tuna mai auna nama. Aikin da Baba ya yi sauya fasali ne. Ba garambawul ba, domin ba lalacewa ta yi ba. Ba kwaskwarima ba, wannan a fenti take tsayawa, shi kuwa har ƙashin motar ya taɓa.

Malamin Hausa, Ngaundare:
Hajiya, samfur kalmar Ingilishi ce da aka sa wa hula. Maket ta Faransa ce. Duk abin da ya zo a kwali sai ya zo mana da sunansa? Mota-moti tamu ce.

Ɗan kasuwa, Injamena:
Malam, a yi haƙuri, ita motar da ka ninka daga ina ta fito? Mu nan da Larabcin kasuwa watir ake cewa, daga Faransanci, ba wanda ya ji ya rage daraja. Kalmar da ta kwana a bakin kakanninmu ta zama 'yar gida.

Malamin Hausa, Ngaundare:
Mota ta kwana, maket ba ta kwana ba. Tun tana bakin ƙofa ake mayar da ita.

Wani mai fassara, Garwa:
Wani abin kuma: kada ka ce barlin, sunan mota mai ƙofa huɗu irin wannan da Faransanci. Ana kama tasharku har cikin Adamawar Najeriya, su salun suka sani. Haka mastik, can fila suke cewa, toliye kuma fanal bita. Daidaitacciyar Hausa ta Kano ce, ita ake ji a manyan gidajen rediyo, ita ya kamata a bi.

Bakanike, Marwa:
A nan ne ba zan yi shiru ba. Salun da fila da fanal bita, wanne ne Hausar Kano? Ingilishi ne kawai, kamar yadda namu Faransanci ne. Su in sun ara sai a ce daidaitacciya, mu in mun ara sai a ce gurɓatacciya? Shekara 30 ina ƙarƙashin mota, ban taɓa aiken yaro ya sayo fila ba. Kaduna ta fara haɗa Fijo 504 a 1975, gaskiya ne, mun gode, amma Fijo ba Bakano ba ne, kuma Baban nan a Garwa ya koyi bugun ƙarfe.

Wani mai fassara, Garwa:
Ban raina kowa ba, Alhaji. Littattafan da 'ya'yanmu za su karanta da Hausa can ake buga su.

Malamar koyon sana'a, Kuseri:
Ku bar yaron nan ya gama aikinsa. Ƙanena, ka ce mota mai ƙofa huɗu da but a baya, ka huta da barlin da salun gaba ɗaya. Mastik kuma ka bar shi, bakin mai aikin ne. Ka ƙara musu bayani guda da zai burge su: gam ɗin irin wannan roba ba liƙewa yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake su haɗe, kamar walda. Shi ya sa tsohon toliye ya ji hannunsa ya dawo gida.

Mai shirin rediyo, Garwa:
Haka ya ce kuwa, Hajiya, walda mara wuta. Saura na uku. A 1960 aka fara 404, tsohon yayi ce, amma kalmar tana da ɗan raini.

Ɗan kasuwa, Injamena:
Tsohuwar zuma.

Bakanike, Marwa:
Motar da. Shi ke nan. In dattijo ya ce motar da, kowa ya san yabo yake.

Malamin Hausa, Ngaundare:
Tsohuwar zuma kirari ne, ba suna ba. Motar da na yarda. Amma ban janye mota-moti ba.

Mai shirin rediyo, Garwa:
Na gode, Allah ya saka. Ga yadda na rubuta buɗewar: "Wani dattijo a Garwa ya sauya fasalin ƙaramin samfurin mota, wanda masu yi ke kira maket, ya mayar da shi motar da, Fijo 404 mai ƙofa huɗu." Maket sau ɗaya kawai za ta fito. Malam, zan gaya wa masu sauraro cewa wani malami ya kawo mota-moti, in nemi ra'ayinsu.

Malamin Hausa, Ngaundare:
To, ba haka na so ba. Amma ka faɗe ta a hankali, ka kawo misalin mutum-mutumi kafin ka faɗa, kada a ji ta tsirara.

Bakanike, Marwa:
Ka tambayar mini Baba wane fenti ya fesa, da yadda ya hana ƙurar hunturu zama a kai kafin ya bushe.