Taurarin gidajen abinci: jagora ne ko talla ce kawai?

Bashir: Jama'a ina da magana, na san wasu ba za su ji daɗinta ba. Duk wannan taurari da maki da ake liƙa wa gidajen abinci da mashaya a manyan birane talla ce aka sa mata riga. In ka sauka birnin da ba ka sani ba ka mayar da waya aljihu, ka duba inda 'yan garin suke layi, can abinci yake. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja

Nafisa: Haba Yaya Bashir, ka yi musu kuɗin goro. Michelin masu littafin jagora da ke ba gidajen abinci taurari daban, Google da TripAdvisor inda kwastomomi ke ba da maki a intanet daban, masu jerin 50 Best, wato wurare hamsin da suka ce sun fi kyau, su ma daban. Michelin suna da sufetocinsu da suke biya albashi, mutum zai shiga ba a san ko waye ba ya ci ya biya kuɗinsa ya fita, kuma ba zuwa ɗaya ake ba da tauraro ba. Abin da ke cikin faranti suke dubawa, kyawun kayan da aka yi girkin da su, iya dahuwa, da ko in ka dawo wani watan za ka samu irin abin da ka ci yau. Ina tallar a nan?

Bashir: Ƙanwata Michelin ɗin nan fa kamfanin taya ne. A 1900 André da Édouard Michelin suka fito da littafin a Faransa suna raba shi kyauta don masu mota su yi ta yawo, taya ta cinye a zo a sayi sabuwa. Tauraron ma sai 1926 aka fara shi. Tun daga tushe ciniki ne ya kawo shi

Malam Auwal: Bashir wannan hujjar taka ba ta da ƙarfi gaskiya, don an fara abu saboda taya bai hana sufeto sanin girki mai kyau ba. In hujja kake nema ga wadda ta fi: yanzu hukumomin yawon buɗe ido ne ke biyan kuɗi Michelin ta shigo yankinsu. Ta Kalifoniya ta biya dala 600,000 a 2019 don a yi littafin da ya haɗe jihar gaba ɗaya. Su Michelin suna cewa kuɗin ba ya zaɓar wanda zai samu tauraro kuma ni na yarda da su a kan haka, amma birnin da ba a je ba ai ko wane irin kuku ne a cikinsa ba zai taɓa ganin tauraro ba. To sai baƙo ya ɗauka garin ne ba a iya girki

Nafisa: Malam wannan na karɓa. Amma inda suka shiga fa? Ai can ake magana

Sadiq: Ni matsalata ba Michelin ba ce, mutum nawa ne ma ke cin abinci a irin waɗannan wuraren. Makin intanet shi ne kowa ke dubawa kuma shi ne ya fi ruɓewa. Kun tuna The Shed at Dulwich? 2017 a Landan wani marubuci Oobah Butler ya yi rajistar rumfar da yake zaune a ciki a matsayin gidan abinci a TripAdvisor, babu kicin babu kuku babu komai, ya sa abokansa suna ta rubuta sharhin yabo, hotunan abincin ma da kumfar aski da ƙwayar wanke banɗaki ya haɗa su, akwai hoton ƙwai da a kan ƙafarsa ya ɗora ya ɗauka. Duk wanda ya kira waya sai ya ce ai an cika sai bayan makonni, mutane kuma suka ƙara haukacewa a kai. Kafin shekarar ta ƙare wurin ya zama na ɗaya a duk Landan, sama da gidajen abinci kusan 18,000, alhali ko cokali ɗaya ba a taɓa ba kowa ba. Wallahi abin yana ƙona min rai don akwai masu dafa abinci na gaskiya da suke ƙasa da shi a jerin nan

Bashir: Yawwa Sadiq, Allah ya yi maka albarka. Layi ba ya ƙarya

Anti Rabi: Layi na ƙarya mana Bashir. Labarin da Sadiq ya bayar ma ai a kanka ya faɗo, abin da ya ja mutane shi ne jin cewa wurin a cike yake. Na yi aikin kicin, na ga yadda ake barin tebura a rufe da gangan don a ga mutane tsaye a ƙofa, na ga wanda bidiyo ɗaya a TikTok ya tara masa jama'a wata biyu abincin kuma ba komai. Wani layin araha ce ta kawo shi, wani kusa da tasha ne kawai, wani kuma duk baƙi ne irinka kowa na bin bayan kowa.
Kuma ku daina ganin makin nan kamar wasa. Michael Luca, lokacin yana jami'ar Harvard, ya bincika gidajen abincin Siyatil ya samu cewa ƙarin tauraro ɗaya a Yelp, shafin da kwastomomi ke ba da maki, na ƙara ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari. A sana'ar da ribarta ba ta da kauri wannan shi ne albashin mutum biyu ko uku, shi ya sa mai gida zai tsaya a kan yaron da ke kai abinci ya ce lallai ka roƙi kwastoma ya ba mu biyar, in wani ya yi fushi ya ba da ɗaya saboda bai samu wurin fakin ba yaron ne zai sha faɗa

Malam Auwal: Ai abin ya kai har hukumar kasuwanci ta Amurka FTC ta kafa dokar hana saye da sayar da sharhin bogi a 2024, da tara a kai

Ummi: Ku dawo kan mashaya don ni can abin ya fi damuna. Ba na shan giya amma aiki kan kai ni irin wuraren nan da abokan aiki, kuma jerin World's 50 Best Bars da ake yi tun 2009 bai taɓa gaya min abin da nake son sani ba, wato in na ce a haɗa min marar giya za a haɗa da kula ko lemo za a juye min a kan ƙanƙara a sa ganye a kawo bil kamar na sauran. Ga shi kamfanonin abin sha ne ke ɗaukar nauyin bikin, masu zaɓen kuma 'yan harkar ne da suka san juna

Nafisa: Ummi amma ki lura, manyan wuraren nan su suka fara ɗaukar marar giya da muhimmanci. Tun da Seedlip, wani abin sha marar giya da ake haɗa koktel da shi, ya fito a 2015 abin ya canza, yanzu za ki ga shafi guda a menu na marar giya, ana jiƙa ganyayyaki ana tace 'ya'yan itace ana auna tsami da zaƙi daidai yadda ake wa koktel. Aikin hannun ɗaya ne, hayar wurin ɗaya ce, kujerar da kika zauna ma ɗaya ce

Ummi: Harajin giya fa? Shi ma ɗaya ne? Ni ban sha ba me ya sa zan biya kusan daidai

Nafisa: Wannan kam ki tambayi mai wurin, ni ba zan kare shi ba

Anti Rabi: Akwai makin da ba wanda ya ambata kuma shi na fi dubawa, na duba-gari. A Niyok tun 2010 dole gidan abinci ya manna A ko B ko C a inda mai wucewa zai gani, a Ingila maki ne daga 0 zuwa 5. Ba ya gaya maka daɗi, amma yana gaya maka sanyin firij ɗinsu da ko ɓera na yawo a sito, kuma abokan mai gida ba za su iya rubuta masa shi ba. Tauraro kuwa ko masu shi wani lokacin nauyi yake musu, Sébastien Bras a Faransa yana da uku ya roƙa a cire shi daga littafin a 2017 saboda matsin kullum kana girki kana tunanin ko wannan farantin na sufeto ne

Bashir: Anti na duba-gari na yarda da shi don ba yabo ba ne, bincike ne. Sauran ina nan a kan bakana. Ku ɗauki Jay Fai a Bankok, tsohuwar nan mai girki a kan gawayi da tabarau irin na masu walda, shekaru da yawa 'yan gari na cin abincinta kafin a ba ta tauraro a ƙarshen 2017. Me tauraron ya ƙara wa girkin? Jira na awanni kawai ya ƙara wa mutanen da suka saba zuwa

Nafisa: Yaya kai da bakinka ka ce baƙon da bai san gari ba. Wanda ya sauka Bankok yana da dare biyu, ba ya jin yaren, a cikin dubban masu girki a bakin titi ta yaya zai gane ita ce? Littafin ne ya nuna masa

Bashir: Ya tambayi direban da ya ɗauko shi

Sadiq: Direban da ake ba kamasho in ya kawo baƙo? Yaya Bashir sai dai ka kawo wata