Ina son sayen Mazda RX-8 amma Baba ya ƙi amincewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tara kuɗi daga aikina a Kantin Kwari, kuma na samu Mazda RX-8 ta hannu, ƙirar 2004, a farashi mai sauƙi. Baba ya ce motar 'yan gudu ce, ba zai yarda ta shiga gidansa ba. Yaya zan shawo kansa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ƙanena, arharta tana da dalili. Injinta ba mai fistin ba ne irin wanda kanikawanmu suka saba da shi, yana shan baƙin mai bisa ƙirarsa, yana kuma zuƙar fetur, ga shi tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san halin da ake ciki. An daina ƙera ta a 2012, don haka ka fara zagaya Ƙofar Ruwa ka tambayi kayan gyaranta kafin ka biya ko sisi.

Amsa ta biyu: Ƙasanta ya yi kusa da titi, damina ɗaya a lungunanmu za ta ishe ka.

Amsa ta uku: A ganina tsoron hatsari ne ke damun Baba. Kada ka yi jayayya da shi. Ka roƙi kawunka ya yi masa magana, idan kuma ya dage, ka haƙura ka nemi Corolla.