Neman kalma: yaya za a ce "gamme d'hôtes" da Hausa?

Mai Shirin Noma, Yagwa: Salamu alaikum. Gobe da yamma za mu naɗi shiri kan cutar nan da ke mayar da ganyen shinkafa ruwan ɗorawa, shuka ta tsumbure, zangarniya ta fito ba ƙwaya. Takardar da aka ba ni ta Faransanci ce, na maƙale a kan "gamme d'hôtes", wato duk tsirran da ƙwayar cutar za ta iya shiga ta rayu. A taimaka.

Ɗan Marwa: Masu masaukin cuta.

Malamar Kimiyya, Garwa: Ƙanena, mai masauki shimfiɗa yake yi wa baƙo. Manomi zai ji kamar shinkafar ce ta gayyato ta. Ni a aji "tsirran da cutar ke kamawa" nake cewa.

Baba na Njamena: Wannan bayani ne, 'yata, ba kalma ba. Ku ce "makiyayar cuta". Akwai mai faɗin makiyaya, akwai mai ƙuntatacciya. Wata cutar kokwamba tana cin tsirrai fiye da 1,000, har tumatir da barkono da ayaba. Taku ta shinkafa, wadda aka fara ganowa a Kenya a 1966, da ƙyar take wuce shinkafa da shinkafar daji da 'yan ciyayi kaɗan.

Malamar Kimiyya, Garwa: Baba, ta yi daɗin ji, amma dabba kiwo take ta koma gida. Wannan ƙwayar a cikin tsiron take zama ta hayayyafa. Abin da ya kamata manomin Maga, wurin noman shinkafa a arewacin Kamaru, ya gane ke nan: bayan girbi tana nan a gyauro da tushiyar da ta sake toho, da shinkafar dajin da ke bakin magudanar ruwa. Daga can ƙwari ke ɗauko ta, har hannu da lauje suna yaɗa ta.

Ɗan Marwa: Na tambayi wani a Kano, ya ce "hurumin cuta".

Baba na Njamena: Kullum sai an tambayo Kano? Mu nan ba Hausa muka sha a nono ba?

Ɗan Marwa: Allah ya huci zuciyarka Baba, amma a Marwa rabin zancenmu Fulatanci ne, ku kuma Larabci. Littattafan Hausa daga Kano suke zuwa.

Baba na Njamena: Littafi ba ya noma. Hurumi fili ne da aka keɓe, wa ya keɓe wa cuta fili?

Malamar Kimiyya, Garwa: A nan kam ina bayan Baba.

Mai Shirin Noma, Yagwa: Don Allah a dawo kan magana, lokaci ya ƙure. Masu saurarona da yawa 'yan ƙabilun Masa ne da Musgum, Hausar kasuwa suke ji. Abin da nake so shi ne mutum ya kashe rediyo ya je ya tuge gyauron da ke gefen wurin rainon irinsa kafin dashe. Zan ce "tsirran da cutar ke kamawa take ɓuya a cikinsu", sannan in kawo "makiyayar cuta" sau ɗaya in ga ko za ta karɓu.

Baba na Njamena: Sau ɗaya ya yi kaɗan. To, amma kada ka haɗiye ta, ka faɗe ta a fili.

Ɗan Marwa: Ni dai har yanzu ban ga laifin masauki ba.