Wai me za mu kira afniya da Hausa ne?

Jama'a ku zo mu yi shawara. Kawuna mai shago a Kwari ne ya ja min wannan aikin, matarsa ta dade tana cewa minsharinsa kamar janareta, sai ya yi tsit har gabanta ya faɗi, can kuma ya ja wani gurnani ya zabura, da rana kuma yana gyangyaɗi a kan atamfofi kwastoma na tsaye. Likita ya ce afniya ce, wato numfashi ya riƙa tsayawa ana cikin bacci, ya ba shi na'ura ya kwana da ita a gida: ɗan maƙali a yatsa mai auna iskar oksijin a jini, siririn tiyo a hanci, da bel a ƙirji. Ƙirgawa take sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai na daƙiƙa 10 ko fiye a awa ɗaya, daga 5 an shiga layi, 30 zuwa sama ya yi tsanani.

Da na je yi wa Inna bayani sai bakina ya mutu.

Ta ce ai dannau ne, a yi masa tofi. Na ce Inna ba shi ba ne, mai dannau idonsa biyu jiki ne ya ƙi motsi, shi ko Kawu bai ma san ana yi ba. Minshari ma bai ɗauka ba, mutum nawa ke minshari lafiya lau.

Wani malamin Hausa ya kawo ɗaukewar numfashi, na ce Malam a yi haƙuri, ka faɗi haka a waya sai a fara salati ana tambayar ƙarfe nawa jana'iza. Shaƙewar bacci ta burge ni don yawanci naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanya, amma akwai irin da ƙwaƙwalwa ce ba ta aika umarnin a ja numfashin ba, babu abin da ya shaƙe. Ni dai na tsaya a katsewar numfashin bacci, abin da ya katse yana dawowa, kamar layin waya.

Na'urar kuma ma'aunin bacci na gida, shi ke nan.

Saura agogunan hannu, na Samsung da Apple da hukumar magunguna ta Amurka ta amince musu a 2024 su riƙa lura da alamun afniya. Waɗannan ba sa yanke hukunci, ankarar da kai kawai suke ka je asibiti, shi ya sa na ce agogon ankararwa. Kawu ya ce a'a, abin da zai kwana a hannunsa yana kai rahotonsa sunansa ɗan tsegumi, kuma yanzu duk layinsu a Kwari haka suke kiransa. Wanne za mu rubuta?