Iyakar gona: tsakanin wayar salula, takardar hukumar filaye ta Kofo da shaidar dattawa

Malamin makaranta, ɗan Adar mazaunin Yamai

Assalamu alaikum, iyayena da ƴan'uwana. Mahaifinmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, kuma da muka taru a ƙauyenmu da ke yankin Ilela domin rabon gado, sai muka tarar jerin gambar da ya raba gonarmu da ta baffanmu ya ɓace, an yanke wani an yi zana, an tuge wani, sauran kuma dabbobi sun cinye a shekarar da ciyawa ta yi wuya. Ƙanena, wanda ya yi karatu a jami'a, ya fito da wayarsa ya zagaya gonar, ya dawo ya ce a gaban mutane an ci mana taki huɗu ta gefen gabas. Baffa ya miƙe tsaye ya ce shi da mahaifinmu suka dasa gambar nan da hannunsu tun kafin a haifi wanda ya ƙera wayar, kuma bai yarda yaron da ya yi wa wankan suna ya kira shi ɓarawon ƙasa ba. Tun ranar ba su gaisa ba. Ni ne babba, kowa ni yake kallo, ga damina tana matsowa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, ina roƙonsa ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa da yadda abin ya ƙare.

Mai awon filaye, Tawa

Wa alaikumus salam, Malam. Awon ƙasa shi ne sana'ata, saboda haka bari in fara da wayar ƙanenka. Na'urar GPS da ke cikin salula tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi kusan kilomita 20,000 sama da mu, tana lissafa inda mutum yake tsaye daga lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso. A fili mai sarari kuskurenta yakan kai mita 3 zuwa 5, yakan kuma ƙaru a ƙarƙashin itatuwa ko a gindin dutse. Taki huɗun da ake rigima a kansu suna cikin wannan kuskuren, don haka idan ya koma gobe ya tsaya a wuri ɗaya, wayar za ta iya ba shi wani sakamako dabam.

Abin da ya fi wannan girma shi ne, ko na'urar da muke aiki da ita, wadda ta fi salula daidaito nesa ba kusa ba, ba ta san gonar wa take aunawa ba. Inda aka nuna mata take rubutawa. Idan ba a taɓa auna gonarku lokacin da gambar take tsaye ba, babu abin da za a gwada awon yau da shi. An taɓa ɗaukata zuwa wata gona a yankin Buza, na tarar da maƙwabta biyu, wannan ya aza ƙafarsa a kan wani dutse, wancan ya tsaya a gindin wata aduwa, kowannensu yana cewa in auna daga nan, suna jiran na'urar ta yanke musu hukunci. Na naɗe kayana na ce su kira ni ranar da suka yarda da wuri ɗaya. Sun ji haushina, amma da na auna a ranar, da na mayar da zargi ya zama lamba a takarda, kuma lamba tana da wuyar gogewa a zuciyar mutane. Duk da haka kada a raina taki huɗu: tsiri mai faɗin mita 3 a tsawon mita 100 murabba'in mita 300 ne, kuma mai iyali ya san hatsin da ke fita daga nan.

Hajiya mai sayar da albasa, kwarin Majiya

Malam, Allah ya jiƙan Baba. Ni kam zan tsaya a gefen takarda, domin ita ta rufa mini asiri. Mahaifina ya ba ni wani yanki na fadama kyauta yana da rai, a gaban liman da dattawa uku, kuma a lokacin kowa ya ce wannan shaida ta isa. Mijina ne, Allah ya jiƙansa, ya nace sai an je wurin mai gari an rubuta takardar kyauta, har mahaifina ya ɓata rai ya ce ana nuna ba a yarda da ƴaƴansa maza ba. An rubuta, maƙwabtan iyaka sun dangwala hannu. Bayan shekaru, liman ya rasu, biyu daga cikin dattawan sun rasu, na ukun tsufa ya kama shi ba ya tuna abin da ya ci da safe. Da albasa ta yi daraja aka fara haƙa rijiyoyi a fadamar, sai yayyena suka ce aro aka ba ni, kuma mace ba ta fita da ƙasar gidansu zuwa gidan miji. Takardar nan da na ajiye a ƙasan akwati cikin leda ita na kai gaban sarki, aka karanta, aka kira maƙwabtan da suka dangwala hannu, magana ta mutu a zama ɗaya.

Ina girmama dattawa, amma ina gaya wa masu cewa bakin dattijo ya fi takarda su tuna cewa dattijo yana mutuwa, kuma idan rigimar ta shafi mace, ba kowane dattijo ne ke son ya ɓata da mazan gida saboda ita ba. Ina kuma tambayarka, Malam, da yake ba ka ambace su ba: ƙannenku mata suna cikin rabon nan?

Dattijo, tsohon magatakardan Kofo ta ƙauye

Ɗana, na daɗe ina riƙe da littafin rajista a ƙauyenmu, kuma irin maganarku ta zo gabana ba sau ɗaya ba. Da farko ka sani doka ba ta ce takarda ta fi al'ada ba. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta faɗa a fili cewa haƙƙin da mutum yake da shi a kan ƙasa yana samun kariya iri ɗaya, ko daga al'ada ya samo asali ko daga rubutacciyar doka. Saboda haka baffanku ba ya magana a wajen doka idan ya ce shi ya dasa gambar; shaidarsa shaida ce. Daga wannan doka aka samo hukumomin filaye da muke kira Kofo, akwai ta ƙauye wadda mai gari ke shugabanta, akwai ta kwamin, akwai ta dapartama. Aikinsu su tabbatar da abin da mutane suka yarda da shi su rubuta: saye, kyauta, gado, aro, haya ko jingina. Kofo ba ta yanke shari'a. Idan akwai jayayya, sai an fara da sulhu a gaban mai gari ko sarki, a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu, sannan alƙali ya saurari maganar, shi ma yana zama da masu ba shi shawara kan al'ada.

Abin da na lura da shi shi ne, rigimar iyaka da wuya ta tsaya a iyaka. Da an fara tono sai a iske wata tsohuwar magana a ƙarƙashi. A watan Disamba na 1974 shugaba Seyni Kountché ya yi jawabi ya ce gonar da mutum yake nomawa ta zauna a hannunsa, kowace irin hanya ya bi ya same ta. Waɗanda suka karɓi aro suka riƙe wannan magana, waɗanda suka ba da aron suka riƙe tasu a ciki, kuma har yau jikokinsu suna kawo ta gaban mai gari. Na ga gidan da aka shiga da rigimar taki biyu aka fito ana jayayya kan gona sukutum, domin wani tsoho ya tuna cewa kakan wannan daga kakan wancan ya aro ta. Kafin ka bari a buɗe bakin kowa a fada, ka zauna da baffanka kai kaɗai ka tambaye shi asalin gonakin biyu.

Dalilin zafin kuwa ba ɓoyayye ba ne. A ƙidayar 1988 mutanen Nijar ba su wuce miliyan 7 da ƴan kai ba, a ta 2012 sun haura miliyan 17, jihar Tawa kaɗai tana da fiye da miliyan 3, ƙasar noma kuwa ba ta haihuwa. Ina yaro, faƙon da ke kan tudu ko kyauta aka ba mutum ba ya so. Tun da aikin tassa da rabin wata, wato ramukan da ake haƙawa don tare ruwan sama a gona, ya yaɗu a yankin Ilela da Badagishiri daga ƙarshen shekarun 1980, faƙon nan ya koma ba da hatsi, aka fara sayensa da kuɗi, kuma wurin da ba a taɓa damuwa da iyakarsa ba ya zama abin kai ƙara. Hajiya ta yi gaskiya a kan takarda, sai dai in ƙara mata abu ɗaya daga abin da na gani: takardar da aka rubuta ba tare da maƙwabtan iyaka sun tsaya a gonar ba, ita kanta takan zama sabuwar rigima.

Ɗan ci-rani, Abijan

Yaya, mu hoton sama ne ya taimake mu. Na bar gonata a hannun maƙwabci shekara shida, da na dawo na ga shingen aguwa ya matso. Wani yaro ya buɗe Google Earth a kwamfuta, ya koma hotunan shekarun baya, aka ga layin shingen da wata bedi da ke kusurwa. Ban kai hoton fada ba. Na je gidansa da dare na nuna masa mu biyu, ya yi shiru, da safe ya mayar da shingen da kansa. Na tabbata da a gaban jama'a na nuna masa, da ya rantse bai taɓa komai ba. Sai dai aguwa tana fitowa a hoto, gamba kuwa da wuya, musamman hoton rani.

Limamin unguwa, Tawa

Malam, ina roƙonka da girman Allah kada ku bari maganar ta kai ga rantsuwa. An taɓa kirana in kawo Alƙur'ani a wata rigimar iyaka tsakanin ƴaƴan wa da ƙane, na yi iya ƙoƙarina in hana, ba a saurare ni ba. Ɗaya ya yi alwala ya dafa, aka ba shi wurin. Shekara ta fi goma ke nan, ba aure tsakanin gidajen biyu, ba gaisuwar mutuwa, kuma duk ciwon da ya sami wanda ya rantse ko dabbarsa ta faɗi sai a ce rantsuwa ce ta kama shi, alhali mai yiwuwa gaskiya ya faɗa iya saninsa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi mai tsanani kan wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, kuma wannan gargaɗi ya hau kan baffa kamar yadda ya hau kan ƙanenka idan ya karɓi abin da ba nasa ba bisa lissafin da bai tabbata ba. Masu cewa rubutu rashin yarda ne kuma su tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Ni ban ga saɓani tsakanin dattijo da na'ura ba, matuƙar dattijo ya fara nunawa sannan na'ura ta rubuta.

Malamin makaranta, ɗan Adar mazaunin Yamai

Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa ƙanena bayanin mai awo ta waya, ya yi gardama da farko, sai na ce ya fita tsakar gida ya auna wuri ɗaya sau uku a yini. Da magariba ya kira ni ya ce lambobin ba su zo ɗaya ba. Bai ce baffa yana da gaskiya ba, ni ma ban ce ba, domin har yanzu ina ganin gonar ta ragu a idona, amma ya yarda zai bi ni mu je mu ba shi haƙuri kan kalmar da ya faɗa a gaban mutane.

Baba magatakarda, na bi shawararka na kira baffa. Ya ce gonakin biyu asalinsu gandu ɗaya ne na kakanmu, ba aro a ciki, kuma akwai wata gwaggonmu da ke aure a wajen Keita wadda take kai musu fura ranar da aka dasa gambar. Zan aika a ɗauko ta. Hajiya, tambayarki ta taɓa ni, domin ƙannenmu mata uku ne kuma ba wanda ya kira su zaman farko. Na gaya musu su zo, kuma za a rubuta rabon kowace da sunanta. Na nemi izinin kwana uku a wurin aiki, zan shiga motar Tawa ranar Alhamis. Mun shirya da mai gari za a fita gonar ranar Asabar da hantsi tare da maƙwabtan iyaka na kowane gefe, inda aka yarda a jera duwatsu a dasa aguwa, bayan nan ne za mu nemi mai awo da takardar Kofo. Mai awo, idan aikinka yana kai ka yankin Ilela, ka gaya mini kwana nawa kake bukata a sanar da kai kafin ranar.