Nawa ya kamata a cire min na haraji?

Ɗan Agege:
Salam 'yan uwa, ina aiki a wani kamfani a Ikeja, albashina dubu 250 a wata, amma abin da suke yankewa na PAYE, wato harajin albashi, wallahi yana ci min rai, na tambayi akanta ya ce haka kwamfuta ta fitar. Yaya zan lissafa da kaina?

Baban Ummi:
Wa alaikumussalam. Lissafin na shekara ake yi, naka miliyan 3 kenan. Cire kashi 8 na fansho, in dai a kan duka albashin ake cirewa, saura 2,760,000. A dokar da ta fara aiki Janairun 2026 dubu 800 na farko babu haraji, ragowar 1,960,000 kashi 15 ne, wato 294,000, raba 12 ya ba ka 24,500 duk wata.

Maman Sadik:
Yaya ka manta kuɗin haya. Ana rage kashi 20 na hayar shekara daga kuɗin da za a lissafa wa haraji, iyaka dubu 500, amma sai ka kai musu shaida, ni sai da na nemo rasit wajen mai gida a Idi-Araba.

Ɗan Agege:
Na gode sosai. Hayata dubu 600 ce, kenan 23,000 ya kamata a cire min duk wata. Gobe zan karɓo takardar albashina in duba ko suna tura wa LIRS, hukumar harajin jihar Legas, ma.